Tsarabar Inna

Wata huɗu kacal na yi a Kano aka kawo mini Inna. Ko hanyoyin garin ban gama sani ba; in na fita daga unguwarmu sai na riƙa haddace shagunan kan kwana don kar in ɓata wajen dawowa. Gyaran firji da ɗakunan sanyi nake yi a ƙarƙashin wani maigida da ya ɗauke ni bayan na gama makarantar koyon sana'a. Ɗakina ɗaya ne a gidan haya, abin da ke ciki kuwa katifa ce da risho da butar shayi.

Yaya, babban wanmu, shi ya rako ta daga ƙauyenmu da ke bayan Lakwaya. A Gwarzo aka fara duba ta, aka ce a wuce da ita birni. Likitar da muka gani a Kano mace ce, gajeriya, ba ta da yawan dariya. Ta ce ƙari ne a cikin Inna, kuma sai an yi aiki an cire shi. Ta ja fatar idon Inna ta leƙa, ta duba takardar gwajin jini, sannan ta juyo kanmu.

"Ba zan taɓa ta da wuƙa a haka ba," ta ce. "Jininta ya yi ƙasa sosai. Na ba ku sati uku. Ga magani, amma magani kaɗai ba zai yi ba, sai ta ci abinci. Nama, hanta, ƙwai, ganye, duk abin da ranta ya so ku ba ta. In jinin ya hau mu yi aiki. In bai hau ba, ƙarin nan ba jiranmu zai yi ba."

Lokacin kaka ne, gyaɗa na ƙasa, dawa ta sunkuya, dole Yaya ya koma washegari. Yayata da ya kamata ta zauna jinya cikinta ya shiga wata tara. Sai aka bar mini Inna, ni autanta, wanda bai taɓa dafa abin da ya wuce shayi da taliyar leda ba. Na bar mata katifar na koma tabarma, na kwana ina juya maganar likita a raina.

Kwana ukun farko na ga tashin hankali. Na sayo tuwo wajen mai tuwon bakin titi, Inna ta taɓa miyar da ɗan yatsa ta ce wannan ko hanyar da daddawa ta bi ba ta bi ba. Na sayo kunu, ta kurɓa sau biyu ta ture. Na sayo tsire, ta ce ƙamshinsa ma tayar mata da zuciya yake. Da abin ya ishe ni na aro tukunya na tuƙa tuwo da kaina. Ta ɗaga malmalar, ta juya ta, ta dube ni.

"Adana shi, Auta," ta ce. "Ko kare ya shigo ka samu abin jifa."

Na yi dariya don ta yi. Ranar nan gaba ɗaya abin da ya shiga bakinta bai fi cikin ludayi ba.

A rana ta huɗu maigida ya tafi da ni wani gidan abinci na 'yan Labanan, ɗakin sanyinsu ya daina aiki. Mu masu gyara ta ƙofar baya muke shiga, ta wajen kwandon shara da tulin albasa. Mai wurin wani tsoho ne fari sol, mai gashi a kunne, amma da ya buɗe baki sai na ji Kananci tsantsa, har ya fi nawa, don a nan aka haife shi. Da muka gama ya sa aka zubo mana abinci a 'yan robobi masu murfi: gasasshen nama, da wani faffaɗan burodi marar kauri, da wani farin abu mai laushi da aka ce markaɗaɗɗen wake ne da riɗi. Na riƙe robar ina kallonta. A gidanmu ba a cin naman da ba a san hannun da ya yanka ba, don haka na cije na tambaya.

"Ranka ya daɗe, wa ya yanka?"

Tsohon ya kwashe da dariya. "Daga wane gari aka kawo mana wannan?" ya tambayi maigidana. Aka ce masa Gwarzo. "To ɗan Gwarzo, mahaucin da ke yanka wa limamin unguwarku shi ke yanka mini. Ci abinka."

Ban ci ba, na kai wa Inna. Ta buɗe, ta shinshina, ta ɗaga burodin ta hanga shi a hasken taga. Ta tambaye ni na waɗanne mutane ne, na faɗa mata. Sai ta ce in ajiye mata sai anjima. Da na dawo aiki washegari na tarar da robar a kife a bakin ƙofa, an wanke ta fes.

"Inna, kin cinye?"

"Ka ga wani abu a ciki?" ta ce.

Ban san lokacin da na fita tsakar gida na kira Yaya a waya ba. Na ce masa an dace, ashe abincin gida ne ya gundure ta, na baƙi take so. Yaya ya ce to, Allah ya sa, amma shi dai bai taɓa sanin Inna da kwaɗayi ba. Na ji haushin maganar, na ce a raina mutumin ƙauye sai a hankali, ni da na baro ƙauyen wata huɗu da suka wuce.

Daga ranar na zama mafarauci. Ban taɓa sanin haka Kano take ba sai da na fara neman abin da Inna za ta ci. Duk inda aiki ya kai mu, idona na kan tukwane. A wani wuri na Indiyawa na ga shinkafa kala uku a tukunya ɗaya, yajin da ke tashi ya sa ni atishawa har mai dafawar ya miƙo mini ruwa. Ba ya jin Hausa, Turancinsa kuma ya fi ƙarfin kunnena, sai muka koma nuni. Na nuna cikina, na kwaikwayi tsohuwa mai sanda, na girgiza kai ina nuna barkono. Ya gane, ya zubo mini wata miyar wake mai ruwan ɗorawa da wani waina-waina da suke gasawa a jikin tanda. A wata unguwa na samu 'yan Yaman suna binne rago da shinkafa a rami, naman na zamewa daga ƙashi tun kafin a taɓa shi. Wata mata 'yar Sanagal, a wani lungu da ko alama babu, tana dafa jar shinkafa da kifi da kabeji, ita ce ma ta fara ce mini Allah ya ba mai jiki lafiya.

Wurin da ya fi ba ni tsoro shi ne na 'yan Sin. Ranar da na buɗe babban firjinsu don in duba injin, na ga abubuwa masu ƙafafu da yawa da gashin baki, sun daskare suna kallona. Na rufe da sauri ina salati. Wani ma'aikacinsu ɗan Jos ya lura da ni, ya ce in kwantar da hankalina, jatan lande ne, na ruwa ne, halal ne. Ya nuna mini wani firjin daban a can kusurwa ya ce wancan ne ba nawa ba, na naman alade ne, kar in taɓa. Na yi kwana biyu ina kai-kawo a raina kafin na yarda na karɓi soyayyar taliyarsu mai kaza, bayan na sa shi ya rantse mini cewa kaskon kazar daban yake.

Sau ɗaya na gwada shiga ta ƙofar gaba, ranar Lahadi da ba mu da aiki. Na sa shaddata ta sallah. Sanyin wurin ya buge ni, aka zaunar da ni, aka miƙo mini wani littafi mai hotuna. Cokula uku ne a gabana da wuƙa. Na buɗe littafin ban gane ko layi ɗaya ba, gumi ya karyo mini duk da sanyin nan. A teburin kusa wasu 'yan mata na cin wani abu da tsinke biyu suna hira, ni kuwa gani nake kowa ni yake kallo. Da ma'aikaciyar da ta kawo littafin ta dawo na dangwala yatsa a kan hoton da ya fi yawan nama na ce a ƙunsa mini. Ban sake bin ƙofar gaba ba.

Kullum da yamma ina shigowa da sabuwar roba, Inna ta sa ni in zauna in ba ta labari. Waɗanne irin mutane ne, suna sallah, matansu na fita, da hannu suke ci ko da cokali. Ta kan taɓa kaɗan ta kai harshe, ta ce in ajiye, ta fi son ci da rana in zuciyarta ta kwanta. Kullum kuma in na dawo sai in tarar da robar jiya a wanke. Har na fara jera su a kan taga ina jin daɗin ganin tsawonsu.

Akwai abubuwan da na gani na kawar da kai. Zoben azurfar da ke hannunta ya fara zamewa, har ta naɗa masa zare. Sallar da take yi a tsaye ta koma yi a zaune. In ta tashi zuwa banɗaki sai ta dafa bango. Na gani sarai, amma robobin nan suna kan taga, sai na ce wa kaina jiki ba ya murmurewa a kwana goma.

A rana ta goma sha biyu muka koma gwaji. Likita ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta cire tabarau.

"Malam, me kake ba ta?"

Na fara lissafa mata da alfahari: naman 'yan Labanan, shinkafar 'yan Yaman, kifin Sanagal, hanta sau biyu. Ta bar ni na gama.

"Jininta ya ƙara sauka," ta ce. "Wanda yake cin abin da ka lissafa ba ya zama haka. Ko dai ba ta ci, ko kuma abin da ke cikin nan ya fi yadda nake zato. Mama, kina cin abinci?"

Inna ta ɗaga kai tana kallon fankar sama. "Ana taɓawa, 'yar nan," ta ce.

Ni ban ji rabin farko na maganar likita ba, rabi na biyun ne ya tsaya mini a ƙirji. Ai na ga robobi da idona. Tunda tana ci kuma jini na sauka, to ƙarin ne yake cinye komai, kuma irin mugun nan ne da mutane ba sa son kiran sunansa. A cikin a-daidaita-sahu muna komawa gida na riƙe hannunta, na ji duk ƙasusuwan. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da Baba ya rasu, don a lokacin ina yaro kuma Inna na tsaye.

Washegari na je aiki amma hankalina ba ya jikina. Na haɗa waya ba daidai ba, wuta ta fizge ni, maigida ya ce in tafi gida kafin in kashe kaina in bar shi da bayani. Shi ya sa na shigo gidan hayarmu da azahar, lokacin da ban taɓa dawowa ba.

A tsakar gida akwai wani ɗan kicin mai gajeren rufin kwano. Na tarar da maƙwabciyarmu a tsaye a kan benci tana sauko da faranti daga rufin. Bayarabiya ce haifaffiyar Kano, kowa Iya yake ce mata, ɗakinta na kallon nawa. Inna kuwa na zaune a inuwa a kan tabarma, da dogon tsinken tsintsiya a hannu tana korar ƙuda daga wani faifai. Na matsa na duba. Jar shinkafar Sanagal ce, an baza ta ta bushe ƙayau. A farantin da ke hannun Iya naman ragon 'yan Yaman ne, an yayyaga shi siri-siri an barbaɗe da gishiri. Can gefe ga taliyar 'yan Sin ta ƙanƙance ta murɗe.

"Sannu da zuwa," Iya ta ce. "Yau da wuri? Ai Mama ta iya shanya. Kullum ni nake ɗora mata in sauko mata." Ta ga fuskata, ta yi turus. "Au, ba ka sani ba?"

Na wuce ta. Na ce wa Inna ta zo ɗaki, muka shiga, na tura ƙofa. Ban taɓa ɗaga mata murya ba tunda aka haife ni, amma ranar na ɗaga. Na ce mata kwana tara ina yawo a garin da ban sani ba, ina shiga inda ban taɓa zaton zan shiga ba, ana yi mini dariya, jiya ban runtsa ba ina zaton ciwon ne yake cinye ta, ashe ita ce take wasa da ranta. Na ce so take ta mutu a ɗakina a ce Auta ya kashe uwarsa da yunwa. Na faɗi wasu maganganun da har yau in na tuna sai na ji kunya.

Ta bar ni na yi shiru don kaina. Sannan ta jawo jakar kayanta daga bayan katifa, ta zuge, ta fito da ƙulle-ƙulle. Wani tsohon ɗankwalinta ta yayyaga, ta ɗaure kowane ƙulli daban, ta jera su a gabana. Wannan na 'ya'yan Yaya ne, ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Wannan na yayata ne, mai ciki ba a hana ta abin marmari. Wannan na ƙanwarta ne da ke aure a Masanawa. Wannan na matar liman. Wannan, wanda ya fi laushi, burodin Larabawa ne zalla, na tsohuwar da ke bayan gidanmu ne, ƙawarta tun suna amare, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya. A sauran ƙulle-ƙullen kuwa, kowanne akwai ɗan kaɗan daga kowane abinci da na kawo. Biyu daga ciki sun yi funfuna, warin ya cika ɗakin.

"Inna, naki ne fa. Don ke na kawo."

"Na sani, Auta, Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Amma ka taɓa ganin babba ya samu abin da yara ba su taɓa gani ba ya zauna ya cinye shi kaɗai? Ta ina zai wuce mini? Na ɗauka zan kai baki sai in ga fuskar yaran nan. Kuma in je birni in kwana ashirin, a zo yi mini sannu da zuwa, in miƙa wa mutane hannu haka nan?"

Gaskiyarta, haka muka taso. Duk wanda ya je birni ko kasuwar nesa ba ya dawowa hannu rabbana, ko alewa ce sai an fasa an raba har maƙwabta. Inna ko biki ta je aka ba ta nama, a bakin zane take ƙullo shi. Na san wannan tun ina rarrafe, ni ne ma na fi kowa cin ƙullin bakin zanen nan. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa duk yadda abincin ya fi zama baƙo, haka zai fi yi mata wuyar ci ba. Da hannuna na riƙa kawo mata tsaraba ina kiranta abinci.

"To ai sai ki bari in an yi aikin, in za ki koma, in sayo miki sabo ki tafi da shi," na ce.

Ta gyara bakin wani ƙulli da ya kwance, ba ta dube ni ba.

"In an koma ɗin," ta ce. "Na ji abin da likitar nan take faɗa, ba kurma ba ce ni. Shi ya sa na ƙulle kowa da nasa, na kuma faɗa maka masu su. In ban koma ba kai za ka kai."

Na zauna a ƙasa. Duk faɗan da na shigo da shi ya zube, sai hawaye. Ita ko a jikinta, sai ma cewa ta yi in tashi in ba Iya haƙuri, na shigo ban gaishe ta ba.

Ranar Asabar da sassafe na zagaya ƙofofin bayan nan da na sani. Na gaya wa tsohon nan ɗan Labanan abin da ya faru. Bai yi dariya ba wannan karon, ya ce tasa uwar ma haka take, ya cika mini leda da burodi da wani abin zaƙi mai gyaɗa da zuma. Na karɓi sabuwar shinkafa wajen 'yar Sanagal da 'yan Yaman, na haɗa da ƙulle-ƙullen Inna waɗanda ba su lalace ba, na bar Inna a hannun Iya, na hau motar Gwarzo. Na sauka a Kabo na hau acaɓa zuwa Masanawa na ba ƙanwar Inna nata, sannan na wuce gida.

Kafin in ajiye kaya gidan ya cika. Sannu da zuwa, ya hanya, ya birni, ya aiki, ya mai jiki, ya ƙarfin jikinta, tana samun barci, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne. Na amsa har muryata ta dushe. Matar Yaya ta shimfiɗa tabarma, na kwance kaya na raba yadda Inna ta tsara, ina kiran suna ina miƙawa. Yaran suka ci shinkafar suna leƙa hannun juna. Busasshiyar taliyar 'yan Sin ce ta ba su wuya, suka yi ta gurgura suna cewa igiya ce. Na kai wa tsohuwar bayan gida nata har ɗaki. Ta shafa burodin, ta sa aka kawo mata kunu ta jiƙa, ta ci, ta ce in gaya wa ƙawarta ta gode, amma ba ta karɓi aike ba, ita take jira.

Matar Yaya ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, ta zuba a kwano ta ɗaure da tsumma. Ta haɗo mini garin dawa da kuka da daddawa da busasshen zogale, ta kuma tsaya ta koya mini yadda ake talge, tana yi tana dariya. Na rungume kwanon a cinya tun daga Gwarzo har Kano, duk ramin da mota ta faɗa sai gabana ya faɗi.

Na iso bayan la'asar. Inna ba ta bari na zauna ba ta fara tambaya. Wa ya samu me, wa ya yi kuka, an ba matar liman a hannunta ko aike aka yi, ƙanwarta ta rame ko tana nan. Na ba ta labari tiryan-tiryan, har maganar igiya, ta yi dariya tana riƙe ciki. Da na faɗa mata saƙon ƙawarta sai ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta dubi kwanon.

"Tuwon wa?"

Na faɗa mata. Ta ce in ɗumama. Ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta gutsura. Na zauna a bakin ƙofa kamar ina duba waya, amma ƙirgawa nake. Ta kai loma ta bakwai ta ɗago.

"Daina ƙirga mini loma, Auta. Zo ka sa hannu."

Kwana shida suka rage mana, muka yi abin da za mu iya. Iya ta karɓi garin ta riƙa tuƙawa, tunda talgena har yanzu gudaji yake yi. Na riƙa sayo hanta ana yankawa ƙanana a cikin miyar zogale, abin da ba wanda zai ce tsaraba ne. Inna na ci, amma kaɗan-kaɗan, don cikin ya saba da babu. Kullum da safe sai na ce ta buɗe ido in ja fatar in leƙa yadda na ga likita ta yi, ban ma san abin da nake nema ba.

Ranar da sati uku suka cika, likita ta ce jinin ya ɗan motsa amma bai kai ba, kuma ba za ta ƙara jira ba, don ƙarin ya girma. Za a yi aikin jibi, a nemo masu ba da jini. Ta ce kwanakin nan da aka yi ba a ci ba sun cuce mu, ta faɗa tana kallona. Yaya ya zo, aka ɗebi nasa aka ɗebi nawa. Aka kwantar da Inna, aka ce daga daren jajibiri kar ta ci kar ta sha komai.

Da safe suka zo da gadon turawa. An sa mata wata koriyar riga, an cire zoben an ba ni. Yaya na gefe yana ta addu'a. Ina tafe ina riƙe da ƙarfen gadon har bakin ƙofar da ba a wucewa, sai ta kamo hannuna.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Yunwa nake ji."

Wata uku rabon da wani ya ji wannan kalma a bakinta. Na dubi ma'aikaciyar jinyar da ke tura gadon, ta girgiza kai. Ko ruwa ba ni da ikon ba ta.

"In na fito ka nemo mini wani abu," Inna ta ce. "Kowanne ne. Ni zan ci."

Suka tura ta, ƙofar ta rufe. Na kasa zama. Na bar Yaya a kan benci na fita da gudu, na tari a-daidaita-sahu, na shiga gidan abincin da na fara gani, ban ma tsaya sanin na waɗanne mutane ba ne. Na ce a zuba mini abin da ya fi laushi. Na dawo na zauna kusa da Yaya da robar a cinyata, da zafinta, ina jin tana hucewa a hankali. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Duk wanda ya turo ƙofar nan sai na miƙe.

Wajen ƙarfe biyar ma'aikaciyar ta fito tana cire safar hannu. Ta ce an cire ƙarin, Inna ta farfaɗo, har ta tambayi ko an yi sallah. Yaya ya faɗi ya yi sujada a kan simintin. Ni kuwa robar na miƙa mata.

"Malam, wane irin abinci?" ta ce. "Ba ci ba sha sai jibi, shi ma ruwan shayi za a fara."

Na koma kan bencin na buɗe robar. Abincin ya yi sanyi, man ya daskare a sama, har yau ban san sunan abin ba. Na sa hannu na cinye shi tas ina kuka, mutane na wucewa suna kallona.